Ragowar Turaren Amya

Duk wanda ya san ni a ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa ya san ni Iliya ban taɓa yin abin kirki da gangan ba. A allo ina kaiwa Sabbi na gudu. Boko kuwa sai da furfura ta fito na zauna ajin manya, na koyi wannan rubutun da kuke gani kamar kaza ta yi tono. Amma akwai wata tafiya da na yi a shekarun fari, ina so in rubuta ta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Gidanmu gidan zuma ne. Babanmu ya rasu ya bar mana amya a kan ɗorawa da gawo da tsamiyar gonakinmu, ni da yayana Sani. Ya kuma bar mana turaren da ake yi wa amya kafin a ɗora ta a bishiya, wanda ƙamshinsa ke sa zuma mai wucewa ta juyo ta shiga. Abu bakwai ake haɗawa. Ranar da Baba ya ce mu zo mu ga yadda ake haɗin, ranar ana dambe a kasuwa. Yaya Sani ya zauna, ni na tafi kallo. Na ce ai Yaya yana nan.

Da ruwa ya ɗauke shekara biyu a jere, zumarmu ta tashi. Cikin mako guda amya duk ta zama fanko. Zumar ƙasarmu ƙanana ce, jajaye, ga masifa, kuma da ta ji wuya sai ta kama hanya ba sallama. Na tsaya gindin ɗorawa na zage ta tas. Yaya Sani ya ce, "Bar ta, za ta dawo." Na ce ni kam na gaji da kiwon butulu, zan je in kawo zumar da ba ta gudu. Wani bafatake ya taɓa gaya mini a tudun Gaundare, can ƙasar Kamaru, zuma takan shekara goma a amya ɗaya. Yaya bai yi musu da ni ba. Ya raba turaren da ya rage biyu, ya zuba mini rabi a wata battar fata.

Zangon farko da ya koya mini hankali shi ne Garwa. Gari ne a bakin Binuwai, zafi kamar an kifa maka tukunya. Na sauka a tasha ban san kowa ba. Fulatanci ban sani ba sai "jam", Faransanci kuwa ko wannan ɗin babu. Sai ga wani mutum da babbar riga da jar hula, ya yi mini sallama da Hausa.

"Ɗan'uwa, daga ina?"

Na ce daga Kano.

Ya rungume ni, ya ce shi ma Bakano ne, Alhaji ake ce masa. Na ce wace unguwa? Ya ce, "Ta tsakiya." Mai hankali a nan zai ɗauki jakarsa ya yi gaba. Ni kuwa daɗi na ji har cikina.

Ya ce ba a hawa Gaundare sai da takarda, shi zai samo mini, har da wurin zama a mota. Kafin ta fito in ɗan taya shi cirar auduga na mako guda. Na tarar da wasu a gonar, daga Katsina, daga Damagaram, daga Barno, duk fari ya koro su, duk takarda suke jira. Kowace Juma'a Alhaji ya zo ya ce saura sa hannu. Mako guda ya zama har ƙarshen auduga. Ranar da aka loda buhun ƙarshe ya shiga gaban mota, ya ɗaga mana hannu. Sai daga baya muka ji gonar ma ba tasa ba ce. Mu ne hajarsa, kuma ya riga ya karɓi ladan aikinmu.

Da yammacin nan na zauna bayan rumfar auduga, na buɗe batta karo na farko. Na ɗan tsakura na zuba a kan garwashi. Hayaƙin yana tashi sai ga zauren Baba a gabana, ga Yaya Sani a kan ɗorawa yana cewa, "Iliya, riƙe igiya mana, ina ka kai hankalinka?" Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da Baba ya rasu. Daga ranar na fara cin gadona ta hanci.

Na koma tasha. Akwai wata tsohuwa mai sayar da tuwon masara, Dada Asta. Kwana uku ina zama kusa da rumfarta, ina leƙen hanya kamar mai jiran wani. A na ukun ta ajiye mini kwano cike da ƙanzo da miya, ta ce da irin Hausarta, "Wanda kake jira ya ce in ba ka wannan." Ban ɗaga kai ba sai da na suɗe kwanon. Na koma yi mata wanke-wanke da ɗebo ruwa.

Wata rana ta shinshina ni ta ce, "Kai Bakano, wane turare ne wannan a rigarka? Mata kake nema?"

Na ce, "Zuma nake nema, Dada."

"A cikin tukunyata?"

Na ba ta labari daga farko. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ita ma ƙanenta ya tafi kudu neman abin da ba a aike shi ba, har yau. Washegari ta haɗa ni da wani direba mai kai gishiri tudu. Babu wanda ya tambaye ni takarda a hanya, ko mutum ɗaya.

Motar ta yi ta hawa dutse tana nishi, iska ta fara sanyi, sai na ga ƙasa ta zama kore shar. Ni da na shekara biyu ban ga ɗanyar ciyawa ba. Da direba ya tsaya zuba ruwa a mota na sauka, na tsuguna ina shafa ciyawar. Haushi ma na ji. Na ce ashe ruwan da aka hana mu, nan aka tara shi.

Direban ne ya kai ni wurin Baba Garga, a wani ƙauye gaba da Gaundare. Tsoho ne daga kabilar Baya, ya ji Hausa tun yana raka fataken shanu. Amyarsa ta tukurwa ce, doguwa, a can ƙololuwar itatuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Me ka iya?" Na ce hawa. Ya nuna mini wata bishiya da kai. Wannan kam na iya, don duk mangwaron garinmu sun san ni tun ina yaro. Na sauko ya ce in kai jakata ɗakin baya.

Zumarsu manya ce, baƙaƙe, ba ta da rashin kunya irin ta tamu. Tana harbi, amma sai ka neme ta da faɗa. Abin da amya ɗaya ke bayarwa a can, uku tamu ba su ba da shi. Na ga saƙa mai faɗin faifai, na ce wannan ita ce zumar mutunci.

Don in nuna ni ma ɗan gida ne, na fito da batta na ce ga turaren babana, babu zumar da za ta ji shi ta wuce. Baba Garga ya ce to, mu gwada. Ya ba ni amya uku na turara da nawa, shi ya shafa wa uku kakin zuma da wata ciyawa mai ƙamshin lemo. Kafin wata ya mutu nasa duk sun cika. Nawa ɗaya ta samu tururuwa, ɗaya ƙadangare, ta ukun ko wannan arzikin ba ta samu ba.

Ya ce, "Zumarmu ba ta san babanka ba."

Tun daga nan na raina turaren. Ban ƙara zuba shi a amya ba. Sai in kewar gida ta taso in tsakura in ƙona. Ranar sallah na ƙona, ranar da na yi zazzaɓi na ƙona. Akwai ma ranar da, Allah ya yafe mini, sauro na kora da shi.

Damina uku na yi a wurin tsohon nan. Bai taɓa cin abinci bai kira ni ba, kuma shi ya koya mini zaɓen iri. Ya ce ba kowace zuma ake ɗaukar 'ya'yanta ba. Ka tsaya bakin amya da sassafe ka ga wadda ke riga sauran fita. Ka ga wadda ke dawowa ƙafafunta dam da garin fure. In an buɗe ka duba saƙar 'ya'ya, a cike take ko da giɓi-giɓi. Mai yawan faɗa a bar ta, mai ƙazanta a bar ta. Ni kuwa abu ɗaya nake tambaya a kan kowace amya: ta taɓa gudu?

A damina ta biyu na haɗu da wani mai sayar da kanwa daga wajen Bichi. Ya ce har yanzu ruwa bai daidaita ba a gida, mutane dusa suke ci da ganye. Na tambaye shi Sani mai zuma. Ya ce, "Na gan shi a kasuwa. Ya rame, amma da ƙafarsa yake tafiya." Ranar ya kamata in ɗaure kayana. Sai na ce bari in ƙara shekara guda, kada in koma hannu rabbana su yi mini dariya.

Na sa ido a kan wata amya a bakin rafi, wadda Baba Garga ya ce zumar cikinta ba ta motsa ba tun kafin ya aurar da autansa. Da ta yi yawa ta raba gida, muka kama reshen da ya fita, da uwarsu, muka sa a ƙaramar amya. Muka bari ta zauna ta yi saƙa. Na ce ita zan kai Kano.

Tsohon ya zauna a kan turmi ya ce, "Iliya, me ka gani a jikinta?"

"Ba ta gudu, Baba."

"Ta gudu ta je ina? Ga ruwa a ƙarƙashinta, ga fure kusan duk shekara. Ba haƙuri gare ta ba, yunwa ce ba ta taɓa ji ba. A garinku wata nawa ake yi babu fure?"

Na yi ƙarya na ce biyu.

Ya ce, "Direban da ya kawo ka ya ce ka sauka kana shafa ciyawa kamar kan jariri."

Ya tashi ya ɗaure bakin amyar da wani ƙyalle mai shara-shara, ya ce kada rana ta taɓa ta, in riƙa yayyafa ruwa. Ya raka ni har bakin titi. Da mota ta tashi na waiga, yana tsaye inda na bar shi.

Lokacin sanyi ne na taho, shi ya taimake ni. Kwana biyar amyar tana kan cinyata a bayan mota, na lulluɓe ta da rigata, ni ina rawar ɗari. Ruwan da na samu sai ta sha nake sha. A Garwa na nemi Dada Asta in nuna mata, na tarar da wata a rumfar, ta ce tsohuwa ta koma ƙauye. A kan iyaka wani mai kaki ya buga amyar da sanda.

"Me ke ciki?"

Na ce, "Baƙi ne, ranka ya daɗe."

Ya ce in buɗe. Na ce shi ya buɗe, tunda shi ne hukuma. Ya kara kunne, ya ji ƙugin da ke ciki, ya ja da baya taku uku ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya. Duk tafiyar nan a nan kaɗai na ci riba.

Na isa gida da la'asar. Tun daga nesa na ga amyarmu tana nan a kan itatuwa, an ɗaure kowace da sabuwar igiya, na ce Yaya yana nan da halinsa. Matarsa Hajara abokiyar wasata ce, tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai "ragon gida". Na shirya amsar da zan ba ta tun daga Yola. Na yi sallama. Ta fito ta gan ni, ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Iliya."

Nan na gane Yaya ba ya duniya. Na ajiye amyar a inuwa, na zauna a ƙasa.

Daga baya ta gaya mini. Bazarar da ta wuce ne. Ƙafafunsa sun kumbura, tari ya kama shi, abin da aka samu yakan tura wa yara ya ce ya ci a waje. Duk da haka kowace shekara sai ya hau ya turara amyar nan da babu komai a ciki. Ta ce masa ya bari, ya ce in zuma ta dawo ba ta ji ƙamshi ba wucewa za ta yi. Ya sauko daga bishiyar ƙarshe ya kwanta, kwana tara. Rabon turarensa ya ƙare a wannan hawan.

Na ce, "Ya gaya wa wani yadda ake haɗawa?"

Ta ce, "Ya ce Iliya yana hanya, shi zai gaya wa."

Ya bar 'ya'ya mata uku, rumbu kuma babu ko zangarniya. Na ce ba komai, ga zumar da za ta riƙe gidan. Na ɗora ta a kan gawo, lokacin yana fure. Ta kama aiki kamar a garinsu. Mutane suka yi ta zuwa kallo, ni kuma, kunyar faɗa nake ji, ko arba'in ban yi da jin mutuwar yayana ba na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Sai bazara ta shigo. Gawo ya gama, ɗorawa ta yi ɗan furen da ba ya kai ya kawo, daga nan ƙasa ta yi tsit. Zumar ƙasarmu in ta ga haka takan tsayar da haihuwa, in abin ya ƙi ta tashi. Wannan kuwa ta ci gaba da zuba 'ya'ya kamar gobe za a yi ruwa. Ta cinye abin da ta tara. Ina ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ina zuba mata a kasko, in sa kara don kada ta nutse. Na yi wa amyar rumfa da zana. Da tsakar rana saƙa takan yi laushi ta zube a ciki, su fito su yi cincirindo a baki suna fifita, da yamma su koma.

Wata rana na tsaya a gindin gawon na ɗaga kai na ce, "Ku tafi mana! Ga kudu can, ku gudu!" Ni da na ƙetare ƙasa don in kawo wadda ba ta gudu. Wani maƙwabcinmu ya ji ni, ya wuce abinsa.

Ba su tafi ba. Da na sauko da amyar na tarar da su a ciki, kowace ta cusa kai a ramin saƙa tana neman abin da babu, ta mutu a haka. Uwarsu tana tsakiya. Na haƙa rami na binne su, don ban iya zuba wa kaji ba.

Daminar shekarar nan Allah ya ba da ruwa. Gero ya yi, wake ya yi fure, ƙasa ta farfaɗo. Wajen kaka sai ga zuma ta fara wucewa ta kan gari, kana tsaye a gona ka ji ƙugi a sama kamar mota daga nesa. Na shafa wa amyarmu kaki yadda Baba Garga ke yi. Suka wuce.

Na buɗe batta. Abin da ya rage bai fi cikin cokali ba, na amya ɗaya tak. Na kai wa masu sayar da sassaƙe a birni, suka shinshina, suka kira abu huɗu, sauran suka yi ta gardama, kowa ya ce sai an ƙona zai gane. Aka ce akwai wani tsoho da ya san babanmu, shi kam ko a tafin hannu ya gani zai faɗa, amma ya tafi Maraɗi sai bayan an gama girbi. In na jira shi zan samu haɗin. Amma kafin nan zuma ta gama wucewa, sai wata shekara, kuma geron da muka samu ba zai kai yaran nan bazara ba.

Na kwana biyu ina juya batta a aljihu. A rana ta uku wani taro ya wuce ta kan gidanmu, ƙasa-ƙasa, har inuwarsa ta gifta tsakar gida. Hajara tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam Iliya, yayanka bai taɓa ajiye turare ana wucewa ba."

Na sauko da amyar da ke kan tsohuwar ɗorawa, na kifa ta a kan rami, na sa garwashi, na juye battar duka. Na cusa fuskata cikin hayaƙin ina shaƙa kamar kare, ko hancina zai riƙe abin da kaina ya ƙi koya. Hayaƙin bai daɗe ba.

Kwana biyu bayan nan na je dubawa da hantsi. Ga su nan a bakin amya, ƙanana, jajaye, suna shiga suna fita kamar jiya suka bar gidan. Ban kai ga gindin bishiyar ba ɗaya ta sauko ta harbe ni a fatar ido. Na dawo gida ido ɗaya a rufe, fuska kamar ƙwarya. Hajara ta dube ni, ta yi ƙoƙarin daurewa, abin ya ƙi.

Ta ce, "Sun gane ka, ragon gida."

Muka yi dariya, daga nan kowa ya juya baya yana share ido.

Duk zumar da nake da ita yau daga wannan amyar ta fito. Da ita aka ciyar da yaran, da ita aka aurar da su. Zaɓen da Baba Garga ya koya mini ina yi har gobe, sai dai a cikin tamu nake yi. Ina ɗaukar iri daga wadda ta san ta tsuke bakinta in bazara ta shigo, in kuma ta tashi ba na zaginta, sai in share mata gida in jira. Tsohon da ya tafi Maraɗi ya dawo, na kai masa battar, ya shinshina ya ce fata kawai yake ji.

Shekara da shekaru ina gwaji, na gano shida daga cikin bakwai. Suna kiran zuma, amma ba kamar na Baba ba, wata ta shiga, wata ta wuce. Na bakwai yana wurin Yaya Sani. In Allah ya haɗa mu zan zauna in saurara, ko da kuwa ranar ana dambe.